Bayan-zamananci da kafafen sada zumunta: tambayoyi da amsoshi

Ɗaliban adabi, aikin jarida da nazarin zamantakewa a jami'o'inmu sukan ci karo da falsafar bayan-zamananci, wadda Turawa ke kira fosmodanizim. Da yawa sukan haddace ta don jarrabawa, su ajiye ta a bakin ƙofar aji. Alhali kuwa abin da masu wannan tunani suka yi ta faɗa shekaru arba'in zuwa hamsin da suka wuce, yau yana cikin aljihun kowa, a wayarsa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta. Inda nake da ra'ayi na faɗe shi a fili.

Mene ne bayan-zamananci?

Suna ne da aka laƙaba wa tunanin wasu masana, galibinsu Faransawa, da suka yi tashe daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1980. Cikinsu akwai Jean-François Lyotard, Jean Baudrillard, Michel Foucault da Jacques Derrida, wanda aka haifa a Aljeriya a 1930. Ba su da shugaba ɗaya ko ƙa'idoji ɗaya, wasunsu ma ba su yarda a kira su da wannan suna ba. Abin da ya haɗa su shi ne tuhumar duk wani bayani da ya ce shi kaɗai ya tattare gaskiyar rayuwar ɗan'adam.

Lyotard ne ya fi fito da maganar sarari. Majalisar jami'o'in lardin Kebek a Kanada ta nemi ya rubuta mata rahoto kan halin da ilimi yake ciki a ƙasashen da suka ci gaba, rahoton ya fito a 1979. A ciki ya ce alamar wannan zamani ita ce mutane sun daina gaskata manyan labarai. Manyan labarai a wurinsa su ne irin labarin cewa kimiyya za ta yi ta kai mutane gaba har a kawar da wahala, ko labarin 'yan gurguzu cewa wata rana ma'aikata za su karɓi mulki kowa ya zama daidai da kowa. Ya ce a madadinsu ƙananan labarai ne za su yawaita, kowace jama'a da nata, kuma babu alƙali ɗaya da kowa ya amince ya raba gardama.

Me ya sa aka daina gaskata manyan labaran?

Saboda an ga ƙarshensu da ido. Turai da ta fi kowa taƙama da hankali da kimiyya ita ta haifi yaƙin duniya biyu, da sansanonin da 'yan Nazi suka hallaka miliyoyin Yahudawa. Kimiyyar da aka ce za ta ceci duniya ita ta ƙera bam ɗin da aka jefa a Hiroshima da Nagasaki a 1945. Mulkin mallaka da ya zo da sunan wayar da kai ya bar abin da kowa ya sani.

Masu zanen gine-gine suna da misalin da suke yawan kawowa. A birnin St. Louis na Amurka an gina wata unguwa mai suna Pruitt-Igoe a tsakiyar shekarun 1950, benaye 33 kowanne hawa 11, bisa tsarin ƙwararru da suka yi imani cewa kyakkyawan gini zai gyara rayuwar talaka. Ba a yi shekara ashirin ba unguwar ta lalace, aka fara rushe ta da nakiya a 1972. Masanin gine-gine Charles Jencks ya ce a ranar 15 ga Yulin wannan shekara ginin zamananci ya mutu.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Duk wanda ya girma a Najeriya ya ji alkawarin lafiya ga kowa kafin shekarar 2000, wanda ya samo asali daga taron Alma-Ata na 1978. Ya ji labarin kamfanin ƙarfe na Ajaokuta da aka fara a 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyet, wanda har yau bai yi aikin da aka gina shi dominsa ba. Ya ji shirin 2010 na zamanin Abacha, ya ji na 2020 da aka ce ƙasar za ta shiga sahun ƙasashe 20 mafi ƙarfin tattalin arziki. Dattijon da ya ga duk wannan, idan ya ji sabon shiri a rediyo ya ce "haka suka saba faɗa", ya isa inda Lyotard ya isa ba tare da ya buɗe littafinsa ba.

Waɗannan mutane sun mutu kafin TikTok. Me ya haɗa su da waya?

Gaskiya ne. Foucault ya rasu a 1984, Lyotard a 1998, Derrida a 2004, shekarar da aka kafa Facebook, Baudrillard kuma a 2007. Talabijin da talla da kwamfutocin farko suka gani. Amma sun hango inda aka dosa. A rahoton 1979 Lyotard ya ce ilimi zai koma haja da ake adanawa a rumbunan kwamfuta ana saye da sayarwa, kuma za a riƙa tambayar "me zai kawo?" fiye da "gaskiya ne?". Kafafen sada zumunta sun ɗauki abin da dā ake gardamarsa a zauren jami'a suka mai da shi rayuwar yau da kullum ta mai shayi da mai ɗinki da ɗalibar sakandare.

Me ake nufi da cewa hoto ya rinjayi ainihin abu?

Wannan shi ne babban batun Baudrillard, musamman a rubutunsa na 1981. Ya ce da can hoto yana bin abin da ya faru ne, yana nuna shi ko yana ɓata shi. Yanzu kuwa hoton ne ke gaba, ana shirya abu domin a ɗauke shi, har a kai matsayin da ba a iya raba kwafi da asali.

A dubi bikin aure a manyan garuruwanmu. Amarya takan shafe sa'o'i a hannun mai kwalliya. An shigo zauren biki, ango da amarya sun taka har tsakiyar fili, sai mai ɗaukar bidiyo ya ɗaga hannu ya ce su koma baya su sake shigowa, haske bai yi ba. Su koma. Ƙawaye su sake guɗa. Masu liƙi suna satar kallon kyamara kafin su saki kuɗi. Bayan kwana biyu mai hoto ya zauna gaban kwamfuta ya goge ƙuraje, ya ƙara hasken fata, ya cire wata gwaggo da ta shigo cikin hoto da bokiti a hannu. Abin da ya hau Instagram shi ne bikin da duniya za ta sani, kuma shi ne ma'aunin da wata yarinya a Gusau ko Maraɗi za ta auna nata bikin da shi, ta ga kamar an rage mata wani abu. Bashin da aka ci ba ya fitowa a hoto. Wannan yana damuna ƙwarai, domin nauyin yana sauka ne a kan iyaye marasa ƙarfi da 'yan mata masu ƙananan shekaru. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida da suka nuna kamfanin, wanda shi ke da Instagram, ya san cewa Instagram yana ƙara wa wasu 'yan mata ƙin surar jikinsu.

Akwai matakin da ya wuce wannan. A 2016 wata budurwa mai suna Lil Miquela ta bayyana a Instagram, ta tara mabiya sama da miliyan, manyan kamfanonin sutura suka riƙa ba ta talla. Babu wannan budurwa a duniya. Wani kamfani a Los Angeles ne ya zana ta da kwamfuta.

A namu ɓangaren, juyin ya zo ta baya. Bayan doguwar jinyar da Shugaba Muhammadu Buhari ya yi a Landan a 2017, jita-jita ta bazu cewa ya rasu an sauya shi da wani Jubril daga Sudan. Aka yi ta jera hotuna ana auna kunne da hannun rubutu. Maganar ta yi ƙarfi har a watan Disamban 2018, a ƙasar Foland, sai da shugaban ya fito da bakinsa ya ce shi ne na ainihi. Mutum mai rai yana rantsuwar cewa shi ba kwafin kansa ba ne. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a ranar mutane sun gani kuma wasu ba su daina ji ba.

Wanda nake nunawa a shafina, ni ne ko wani ne?

Masu wannan falsafa suna ganin mutum ba shi da wata fuska guda da ke ɓoye a ciki tun haihuwa. Harshe da tarbiyya da idon jama'a ne ke gina shi, kuma ginin ba ya ƙarewa. Tun kafin su, masanin zamantakewa Erving Goffman ya nuna a shekarun 1950 cewa kowa yana da yadda yake fitowa gaban mutane da yadda yake idan ya koma bayan fage.

Bahaushe ya san wannan sarai, kuma bai taɓa ɗaukarsa munafunci ba. Yadda mutum yake magana gaban surukinsa daban, a majalisar abokai daban, da taubashinsa daban. Uwa tana alkunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba don ba ta ƙaunarsa ba. Sanin wace fuska ta dace da wane wuri shi ake kira hankali.

Abin da Facebook ya yi shi ne ya tara surukinka, malaminka na allo, maigidanka a wurin aiki, ƙanwarka da abokan wasanka a zaure ɗaya, ya miƙa maka lasifika. Masu bincike Alice Marwick da danah boyd sun yi rubutu kan wannan rushewar iyakoki a farkon shekarun 2010. Raha da ta dace da majalisa, idan ta je kunnen suruki ta zama rashin kunya. Shi ya sa mutane suka ƙirƙiro dabaru: shafi biyu, ɗaya na gida ɗaya na abokai, ko ɓoye wa wasu lambobi abin da aka ɗora a WhatsApp. Mark Zuckerberg ya taɓa cewa zama da fuska biyu alama ce ta rashin gaskiya. Ban yarda da shi ba. Fuska ɗaya mai suna ɗaya ta fi sauƙin sayarwa ga masu talla, wannan shi ne amfaninta gare shi.

Haɗarin da nake gani yana wani wuri dabam. Goffman ya yi maganar bayan fage, inda mutum yake sauke kaya ya huta. Wanda ya ɗora abincinsa, sadakarsa, Umararsa da hawayensa na ta'aziyya bai bar wa kansa bayan fage ba. Malamanmu sun daɗe suna gargaɗi kan riya, kuma maɓallin nuna so da Facebook ya fito da shi a 2009 ya ba riya ma'auni da lamba. Sherry Turkle ta jami'ar MIT da ke Amurka, wadda a 1995 ta yi murna da yadda intanet ke ba mutum damar gwada fuskoki daban-daban, a 2011 ta dawo tana nuna damuwa cewa mutane suna tare amma kowa shi kaɗai.

To sunan boge fa, laifi ne?

Ya danganta da abin da aka ɓoye dominsa. Matar da ke neman shawara kan dukan da take sha a gidan miji, ko ma'aikacin da ya ga ana sata a ofis, ɓoye suna kariya ce gare su. Wanda ya buɗe shafi da hoton wata don ya yaudari mutane, ko sojan baka da ɗan siyasa ya saya wa data yana riƙe da shafuka goma yana zagi, shi ma da sunan boge yake aiki. A duba wa abin ya cutar.

Me ya sa maganar mutum takan koma wani abu dabam da zarar ta yaɗu?

A 1967 Roland Barthes ya rubuta wata maƙala da ya ce marubuci ya mutu. Nufinsa shi ne, da zarar rubutu ya bar hannun mai shi, mai karatu ne ke ba shi ma'ana, niyyar marubucin ba ta da ikon tsare shi. A lokacin magana ce ta masu sharhin adabi. Yau kowane malami mai wa'azi ya san ta a jikinsa.

Malami ya zauna tafsiri na awa biyu a watan azumi. A tsakiya ya kawo wani ra'ayi domin ya rushe shi. Wani ya yanke daƙiƙa arba'in ɗin da ya kawo ra'ayin, ya bar rushewar, ya rubuta a sama da manyan baƙaƙe: ku ji abin da ya faɗa. Kafin sahur an yi raddi uku, an yi raddin raddi, almajirai sun ja daga. Cikakken karatun yana nan a YouTube, mutum ɗari biyu suka kalla. Guntun kuwa ya zaga Kano da Yamai da Kumasi.

Ba koyaushe abin yake zama sharri ba. A TikTok ana ɗaukar muryar ɗan wasan Kannywood daga tsohon fim, matasa su ɗora ta a kan nasu yanayi, ta ba da dariyar da mai fim ɗin bai taɓa tunani ba. Fredric Jameson, masanin adabi Ba'amurke, ya lura tun 1984 cewa al'adar wannan zamani ta fi son harhaɗa gutsattsarin tsofaffin abubuwa fiye da ƙirƙiro sabo daga tushe.

Jama'ar da ake haɗuwa da ita a intanet, jama'a ce ta gaske?

Ta gaske ce, kuma duk wanda aka taɓa tara wa kuɗin asibiti a wani zauren WhatsApp ba zai yi musu ba. Masanin zamantakewa Michel Maffesoli ya yi hasashe a 1988 cewa mutane za su riƙa taruwa a ƙananan ƙabilu na zaɓi, waɗanda sha'awa da jin daɗin juna suka haɗa, ba jini ko unguwa ba.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na marubuta littattafan Hausa a intanet, waɗanda galibinsu mata ne. Marubuciya tana sakin labari shafi-shafi a zauren WhatsApp ko a Wattpad. Masu karatu suna biyan kuɗi ta banki ko da katin waya a sa su a zauren da ake sakin ci gaban. Suna yin sharhi nan take, suna faɗa da juna kan kishiyar da ke cikin labarin, wani lokaci matsin lambarsu yakan sauya yadda labarin zai ƙare. Babu mawallafi, babu ɗan kasuwar da zai ce wannan ba zai sayu ba. Matar da ke cikin gida a Funtuwa tana da masu karatu a Jidda.

Haka nan Ranar Hausa ta Duniya da ake yi kowace 26 ga Agusta ta faro ne a kafafen sada zumunta a 2015, yanzu ana taro dominta a ƙasashe da dama. Bahaushen zango a Accra da jikan waɗanda suka yi hijira zuwa Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903 suna jin karin harshen juna kai tsaye, abin da kakanninsu ba su samu ba. A watan Fabrairun 2019 kuma maudu'in ArewaMeToo ya ba mata da yawa a Arewa damar faɗin cin zarafin da aka yi musu, maganar da a zaure ba ta da wurin zama. Wannan shi ne alherin ƙananan labarai: wanda babban labari ya manta da shi ya samu bakin magana.

Sai dai jama'ar zaɓi tana da nata ciwo. A unguwa dole ka gaisa da maƙwabcin da ba ku jituwa, ka je jana'izar mahaifinsa. A intanet danna maɓalli ɗaya ya isa ka shafe shi. Kuma hanya mafi sauri ta haɗa kan baƙi ita ce a nuna musu abokin gaba. Muhawarar da ake yi a 'yan shekarun nan kan wane ne Bahaushe zalla wane ne Bafulatani, tsakanin mutanen da kakanninsu suka yi auratayya shekaru aru-aru, tana samun wutar da take samu ne domin zafi yana jawo masu kallo. Wani bincike da Chris Bail da abokan aikinsa suka buga a 2018 a Amurka ya gano cewa nuna wa mutane ra'ayin abokan hamayya a Twitter bai sassauta su ba, wasu ma ƙara tauri suka yi.

Shin waɗannan masana ne suka jawo mana zamanin labaran ƙarya?

Ana zarginsu da haka, kuma zargin ya daɗe. Masanin falsafa na Jamus Jürgen Habermas ya soke su tun 1980, yana cewa aikin hankali bai ƙare ba balle a yi masa jana'iza. A 1996 wani masanin kimiyyar fiziya, Alan Sokal, ya rubuta maƙalar shirme da gangan cikin salon maganarsu, mujallar Social Text ta buga ba ta gane ba. A 2004 Bruno Latour, wanda ya shafe shekaru yana nuna yadda ake gina gaskiyar kimiyya a ɗakin gwaji, ya nuna damuwa cewa masu musun ɗumamar yanayi sun ari makaman da masana irinsa suka ƙera.

A ganina an ɗora musu fiye da kayansu. Wanda ya tashi iyalinsa da asuba a watan Agustan 2014 ya ce kowa ya yi wanka da ruwan gishiri ya sha don maganin Ebola, bai karanta Derrida ba. Saƙo ya samu daga ɗan'uwan da ya yarda da shi. An ruwaito cewa aƙalla mutum biyu sun mutu, wasu da dama sun kwanta asibiti. Kuma rashin yarda da hukuma ya girmi Facebook. Lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, mutane suna tuna gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara 200 a Kano a 1996, inda 11 suka mutu. Tuhumar tana da tushe, amma hukuncin da aka gina a kanta ya jawo cutar ta sake bazuwa zuwa wasu ƙasashe, yara suka shanye.

Inda nake rabuwa da masu wannan falsafa, ko dai da almajiransu masu zafin kai, shi ne a kan maganar cewa kowa da gaskiyarsa. A watan Yunin 2018, lokacin rikicin Filato, an yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook ana cewa na kashe-kashen ne. Binciken BBC ya gano cewa hoton wani jariri da ya fi yawo an ɗauke shi ne a Kongo Brazabil shekaru kafin nan. 'Yan sanda sun ce hotunan sun taimaka wajen rura ramuwar gayya da ta ci rayuka. Hoton nan ko daga Filato yake ko ba daga can ba, babu ra'ayi a ciki. Wani bincike na jami'ar MIT da aka buga a 2018, wanda ya bi labarai kusan 126,000 a Twitter, ya nuna ƙarya ta fi gaskiya saurin yaɗuwa, kuma mutane ne suka fi yaɗa ta, ba na'urori ba.

Tunda kowa ya samu bakin magana, ke nan iko ya bar hannun manya?

A'a, kuma nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Muryoyi sun yawaita, amma filin da ake maganar na mutane ƙalilan ne. Kamfanin Meta shi ke da Facebook, ya sayi Instagram a 2012 kan dala biliyan 1, ya sayi WhatsApp a 2014 kan kusan dala biliyan 19. Elon Musk ya sayi Twitter a 2022 kan dala biliyan 44. Kusan duk kuɗin shigar Meta daga talla yake fitowa, wato abin da ake sayarwa shi ne lokacinka da bayananka. Tsarin lissafin da ke zaɓar abin da zai fito maka an gina shi ne don ka daɗe kana kallo.

A 2012 Facebook ya yi gwaji kan mutane kusan 689,000 ba da saninsu ba, ya rage wa wasu labaran farin ciki, wasu na baƙin ciki, don ya ga ko yanayin rubutunsu zai sauya. Ya sauya, ko da kaɗan ne. Gwamnatoci ma ba su saki linzami ba: Najeriya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 bayan kamfanin ya goge wani saƙon shugaban ƙasa.

A nan Foucault ya fi kowa amfani. A 1975 ya yi nazarin wani tsarin kurkuku da Jeremy Bentham ya zana a ƙarshen ƙarni na 18: ɗakunan fursunoni a kewaye, hasumiyar mai gadi a tsakiya, fursuna ba ya sanin lokacin da ake kallonsa, don haka sai ya zama mai gadin kansa. Bambancin yau shi ne masu gadin su ne 'yan'uwanka masu amfani da waya, kowa da ikon ɗaukar hoton allo ya ajiye maganarka har ranar da za ta yi masa amfani.

Musulmi zai iya amfana da wannan tunani?

Zai iya ɗaukar wani abu ya bar wani. Edward Said ya yi amfani da hanyar Foucault a 1978 ya tona yadda masanan Turai suka ƙera hoton Gabas da Musulmi don ya dace da mulkinsu, kuma wannan aiki ya amfani duk wanda aka taɓa mallaka. Tambayar "wa ya rubuta wannan tarihi, kuma wa ya amfana?" tambaya ce mai kyau ga mai karanta rahotannin Turawan mulki kan Daular Sakkwato.

Amma idan aka miƙe da ita har aka ce babu wata gaskiya tabbatacciya, to ta ci karo da imani, na Musulmi da na Kirista duka. Marubuta Musulmi irin su Akbar Ahmed da Ziauddin Sardar sun yi dogon rubutu kan wannan a shekarun 1990.

Abin lura shi ne malaman Musulunci sun taɓa shiga irin wannan yanayi. Bayan fitina ta farko, ƙungiyoyi suka yawaita, kowa yana ƙirƙiro hadisi don ya ƙarfafa ɓangarensa. Malamai ba su ce shi ke nan ba za a iya sanin gaskiya ba. Sun kafa ilimin isnadi da na sanin maruwaita. A gabatarwar Sahihu Muslim an ruwaito Abdullahi ɗan Mubarak yana cewa isnadi yana cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. A nan ne kuma aka kawo hadisin da ke cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umarni da bincike kafin a afka wa mutane bisa labari.

Yanzu da na'ura ke ƙera hoto da murya, ta yaya zan tantance abin da aka turo mini?

A watan Maris na 2023 hoton Fafaroma Francis sanye da wata farar rigar sanyi ta 'yan gayu ya zaga duniya, mutane da yawa suka gaskata, alhali da manhajar Midjourney aka haɗa shi. Tun daga lokacin na'urorin sun ƙara ƙwarewa, don haka dogaro da ƙirga yatsun wanda ke cikin hoto ko duban inuwarsa don gane na bogi ba ya isa.

Hoto yana da sauƙin bi. A sa shi a Google Lens, sau da yawa zai nuna inda ya fara fitowa da shekarar. Idan bidiyo ne, a ɗauki hoton allo daga ciki a yi haka. A duba lambar mota, rubutun allunan shaguna, kakin 'yan sanda, da harshen da ake ji a baya. Idan an ce wani babba ya faɗi magana, a nemi cikakken jawabin, a saurari minti biyu kafin wurin da aka yanke da minti biyu bayansa. Akwai cibiyoyin tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check da ke bin irin waɗannan saƙonni a Najeriya. WhatsApp kuma yana sa alamar kibiya biyu a kan saƙon da aka yi ta turawa, kuma tun 2020 ba ya barin a tura irinsa sai ga mutum ɗaya ko zaure ɗaya a lokaci guda.

Saƙon murya shi ne mai wuya, kuma shi ya fi yawo a tsakaninmu domin ba ya buƙatar iya karatu. Ba shi da fuska, ba shi da kwanan wata, yakan fara da sallama da rantsuwa, mai maganar ya ce shi ma'aikacin asibiti ne ko ɗan'uwansa soja ne. Babu manhajar da za ta nemo maka asalinsa cikin sauƙi. Abin da ya rage shi ne a koma wa wanda ya turo a tambaye shi cikin ladabi, ko da Baba ne ko Yaya: wa ya turo maka, shi kuma ya san mai muryar? A wane gari abin ya faru, wace rana? Idan an ambaci gari, a kira wani da ke zaune can kafin a tura wa kowa.